Zazzagowar Mahaifa: Nauyin da Iyayenmu Mata ke Ɗauka a Ɓoye

[Kiɗan buɗe shiri]

 

Maganar yau ta manya ce. In akwai ƙananan yara kusa da akwatin rediyon, ba laifi a aike su maƙwabta. Amma maigida, kai kada ka tashi, da kai za a yi. Za mu taɓo zazzagowar mahaifa, da irin zaman da macen da ke fama da ita take yi. A gafarce ni in na ambaci wasu sassan jiki kai tsaye, lalura ce ta kawo.

A can ƙasan marar kowace mace akwai abubuwa uku da ke zaune kusa da juna: mafitsara a gaba, mahaifa a tsakiya, sai ƙarshen hanji, wato hanyar bayan gida, a baya. Abin da ke riƙe da su kada su faɗo, wata shimfiɗar tsoka ce da jijiyoyi da ta tashi daga ƙashin mara zuwa ƙashin baya. Ku tuna ragayar da iyayenmu ke rataye ƙwaryar nono a ɗaki. Muddin igiyar na da ƙarfi, ƙwarya na nan sama daram. In igiya ta sha nauyi shekara da shekaru ta saki, ƙwarya sai ta yi ƙasa. To idan wannan tsoka ta saki, mahaifa kan gangaro ta hanyar gaban mace. Wani lokacin ma mahaifar na wurinta, mafitsara ce ta turo bangon gaba, ko hanji ya turo bangon baya. Sau da yawa biyu ko ukun ne suke saukowa tare.

Likitoci sun kasa abin mataki 4. A na farko, saukowar kaɗan ce, mace ba ta ma san da ita ba. A na biyu, abin ya iso bakin hanya. A na uku ya leƙo waje. A na huɗu kuwa ya fito gaba ɗaya, yana reto tsakanin cinyoyi.

Ba kasafai mace ke zuwa asibiti ta ce mahaifarta ta zazzago ba. Abin da za ka ji shi ne, “Likita, wani abu ke sauko min.” Wata ta ce, “Marata ta yi min nauyi.” Wata kuma sai an yi ta lallashi kafin ta ce, “In na tsuguna wani abu na fitowa, sai na sa hannu na mayar.” Da safe da sauƙi, domin ta kwana a kwance abin ya koma. Da ta yini a tsaye tana hidima, kafin la'asar ƙugu ya riƙe, baya ya ƙage, tafiya ma sai ta ware ƙafa.

Wannan lalura ba kasafai take kisa ba, kuma a ganina shi ya sa aka raina ta. Da tana kwantar da mutum rana ɗaya kamar zazzaɓin cizon sauro, da tuni an nemi mota. Amma ita a hankali take rage wa mace rayuwa, yau ta ɗauke wannan, gobe ta ɗauke wancan.

A ɗauki fitsari. Wata in ta yi tari, ko atishawa, ko ta tuntsire da dariya, sai ya zubo. Wata kuma akasin haka ne: tana jin fitsari amma ya ƙi fita, ko ya fita rabi, sai ta tura abin ciki da yatsa kafin ya zo. Fitsarin da ya kwana a mafitsara shi ke jawo ciwon sanyi mai yawan dawowa. Da dare ta tashi sau uku sau huɗu, barci ya gagara, gari ya waye a ce ta cika ƙyuya. Bayan gida ma haka, wata sai ta danna da hannu.

Daga nan sai ibada. Baiwar Allah ta yi alwala, ta tayar da sallah, tana sunkuyawa ruku'u ta ji ɗigo. Ta koma ta sake. Wasu har sun haƙura da Islamiyya da sallar Idi, 'yan uwanmu Kirista sun haƙura da zuwa coci, don tsoron kada a tashi a ga zane ya jiƙe. Ina so in ce wa irin waɗannan iyaye, malaman fiƙihu sun daɗe da yin bayani kan wanda fitsari ke kufce masa ba da son ransa ba, kuma akwai rangwame a kansa. Ki sami malamar da kika amince da ita ki tambaya. Kada ki yanke wa kanki hukunci mai tsanani a cikin ɗaki ke kaɗai.

Sai zumunci. Macen da da ba a biki ba a suna sai da ita, yanzu kullum uzuri. Dangi su ce ta yi girman kai. Ba su san lissafin da take yi ba: a ina zan zauna, banɗakin gidan yana da nisa, ko wata za ta ji wari? Mai sana'a kuma jarinta ke tafiya. Mai ƙosai da ba ta iya dogon zama kan kujera 'yar tsuguno, mai kai nono kasuwa da ba ta iya tafiyar da ta saba, mai surfe da aikatau, duk abincinsu na cikin ƙarfin ƙugunsu.

Mafi zafi shi ne abin da ke faruwa a ɗakin aure. Tana jin ciwo, ko tana jin kunyar kada miji ya gani, sai ta riƙa kauce wa shimfiɗa. Shi bai san dalili ba, sai ya fassara da raini ko ƙiyayya. In akwai kishiya, sai tsoro ya ƙaru, kada sirri ya fita ya zama abin gori. A haka auren shekara ashirin ke yin sanyi, alhali da an zauna an yi magana ta minti biyar, da asibiti aka nufa.

Kada wata ta ɗauka ita kaɗai ce. A wani bincike da aka yi a ƙauyukan ƙasar Gambiya, aka wallafa a 2002, an duba mata sama da 1,000. Kashi 46 cikin 100 an same su da wani mataki na zazzagowa, kuma kashi 14 cikin 100 nasu ya kai a yi musu aiki. Matan karkara ne masu noma da daka da ɗebo ruwa, masu haihuwa da yawa. Duk wanda ya san ƙauyukanmu ya san ba su da wani bambanci da namu.

Amma ga wani abu da nake so ku riƙe. Ba duk wadda aka ga saukowa a jikinta ce ke buƙatar magani ba. Mata da yawa da suka haihu suna da 'yar saukowa, suna harkokinsu lafiya lau har tsufa. Wata kuma tata ba ta yi nisa ba amma ta hana ta sakat. Saboda haka likitocin mata suka daina tsayawa kan abin da ido ya gani kawai. A 2005 wasu likitoci a Landan suka fitar da takardar tambayoyi ta musamman don masu wannan lalura, an kuma fassara ta zuwa harsuna da dama, har da Amharik na ƙasar Habasha. Me take tambaya? Aikin gida, fita cikin mutane, zama da miji, barci, damuwar zuciya. Wato abin da ake aunawa shi ne me lalurar ta ƙwace miki. Don haka in kin je asibiti, kada ki tsaya kan “marata na ciwo.” Ki ce na daina zuwa kasuwa, ki ce sallah na yi min wuya, ki ce ni da maigida ba ma shiri. Da waɗannan likita zai san irin taimakon da ya dace da ke.

[Ɗan gajeren kiɗa]

Jama'a, in yanzu kuka kama mu, muna magana ne kan zazzagowar mahaifa.

Me ke kawo ta? Kan gaba dai haihuwa ce. Duk jaririn da ya biyo hanya sai ya miƙar da tsokar nan, kuma jiki na buƙatar lokaci kafin ya murmure. Binciken lafiyar al'umma na Najeriya na 2018 ya nuna a shiyyar Arewa maso Yamma, mace kan haifi 'ya'ya 6 zuwa 7 a matsakaici, kuma a faɗin ƙasar kusan haihuwa 6 cikin 10 a gida aka yi su. 'Ya'ya rahama ne, babu mai musu. Amma haihuwa kusa da kusa, wani na baya wani na ciki, ba ta barin jiki ya koma daidai. Sannan ga doguwar naƙuda, kwana biyu mace na durƙushe ana cewa ta yi haƙuri. Ga sa mace yunƙuri tun bakin mahaifa bai gama buɗewa ba. Ga danna ciki da hannu ko gwiwar hannu wai a taimaka wa ɗa ya fito. Ungozomominmu, iyayena, da girmamawa nake roƙonku, a bar danna cikin nan.

Bayan haihuwa sai aikin ƙarfi. A nan dole in yaba wa al'adarmu ta jego. Kwana 40 na hutu da iyaye suka tanadar wa mai haihuwa hikima ce babba, kuma ta yi daidai da makonni 6 da asibiti ke cewa jiki na buƙata. Abin takaici, a gidaje da yawa hutun na haihuwar fari ne kawai. A ta biyar da ta shida, ana gama suna ta ɗauki taɓarya, ta ɗora jarka a ka, ta tafi itace. Alhali a lokacin ne ma jikin ya fi buƙatar hutun.

Akwai kuma abubuwan da ke danno ciki kullum ba tare da an lura ba: tarin da ya ƙi warkewa, ko na tibi ne ko na hayaƙin murhu, taurin bayan gida da ke sa nishi, da ƙiba mai yawa. Idan mace ta manyanta al'ada ta ɗauke, sinadarin da ke ƙarfafa naman wurin yana raguwa, shi ya sa wata sai ta kai shekara hamsin ko sittin abin da ya faro tun tana ƙuruciya yake bayyana. Akwai gado ma a ciki. Kuma akan samu, ko da yake ba da yawa ba, macen da ba ta taɓa haihuwa ba da wannan lalura. Don haka babu zancen sakaci, babu zancen sammu ko aikin iska, balle a zargi mutuncin baiwar Allah.

Wasu kan ɗauka basir ne mai tsiro, su yi ta shan jiƙe-jiƙe shekara da shekaru. Hanyar fitarsu ma daban ce. Wasu kan haɗa ta da yoyon fitsari. Shi yoyon fitsari huji ne tsakanin mafitsara da gaba, fitsari na zuba dare da rana babu tsayawa. Zazzagowa kuwa sakin tsoka ce, babu huji. Wasu kuma da sun ga tsiro sai hankali ya tashi su ce sankara ce. Zazzagowa ba sankara ba ce. Sai dai ido da hannun ma'aikacin lafiya ne za su tabbatar da hakan, ba zato ba.

Yanzu sai abin da na fi jin tsoro. Maganin matsi da ake tallarsa a gidajen biki da wayoyin hannu ba ya ɗaga mahaifa. Cusa kanwa, ko gishiri, ko garin saiwa, ko ƙulla tsumma a tura, ƙona naman wurin yake yi, ya bar gyambo ko tabo mai toshe hanya. Yankan gishiri kuwa, wanda ake kiran wanzami ko tsohuwa su tsaga gaban mace da aska, yana cikin sanannun hanyoyin da mata a ƙasar Hausa suka samu yoyon fitsari, domin mafitsara na nan daf da inda ake yankan. Ga mai zazzagowa ma abin ya fi haɗari, don sau da yawa wannan kumburin da ake gani ita ce mafitsarar kanta. Don Allah kada a sa aska.

To mene ne maganin? Tsoron da ke hana mata da yawa zuwa asibiti shi ne, “Ina zuwa za su ce sai an cire mahaifa.” Ba haka abin yake ba. Tiyata ita ce ta ƙarshe a layi.

Ga wadda nata bai yi nisa ba, akwai motsa tsokar da kanta. Wani likitan mata a Amurka mai suna Arnold Kegel ya bayyana wannan hanya tun 1948, kuma har yau ana amfani da ita. Ki matse kamar kina riƙe iska da fitsari lokaci guda, ki ji kamar kina jan wurin sama. Ki riƙe kina ƙirgawa a zuci, in ma uku kika iya da fari ya isa, a hankali har ki kai goma. Ki saki, ki huta, ki sake, kamar sau 10, sau 3 a yini. Kada ki riƙe numfashi, kada ki matse cinya ko ciki, kuma kada ki mayar da shi al'ada lokacin da kike fitsari. Kina tsinkar zogale kina yi, kina shayarwa kina yi, babu wanda ya sani. Sai dai yana son naci: wata 3 zuwa 4 kafin a ga canji sosai. Kuma gaskiya ita ce ba zai mayar da mahaifar da ta fito waje ba, amma yana rage nauyi da ɗigon fitsari. Ya fi kyau ma'aikaciyar jinya ta duba ta tabbatar tsokar da ta dace kike matsewa. A haɗa da shan ruwa, da cin ganye irin su zogale da rama da alayyafo, da wake da gwanda, don bayan gida ya yi laushi. Tarin da ya wuce mako 2 a je a gwada. Ruwan da ake ɗauka a jarka ɗaya, a raba shi biyu.

Hanya ta biyu mata da yawa ba su taɓa jin labarinta ba, kuma ni ina ganin an yi musu rowar sani. Wani zobe ne na roba mai laushi, ana ce masa fesari. Ana gwada girman da ya dace da ke, a saka shi ciki ya tallafe mahaifa. Babu yanka, babu allurar barci, a ranar za ki koma gida. In ya zauna daidai ba ki ma jin yana nan, kuma da irin zoben da aka fi amfani da shi ana iya saduwar aure. Ya dace da mai son ƙara haihuwa, da mai juna biyu in likita ya ga dama, da tsohuwar da jikinta ba zai ɗauki tiyata ba. Sharaɗinsa ɗaya ne, kuma mai ƙarfi: a riƙa komawa ana cire shi ana dubawa, galibi duk wata 3 zuwa 6. Wasu ma akan koya musu cirewa da wankewa da kansu. Zoben da aka manta da shi shekaru yana cin nama, har ya iya huda mafitsara. Ga waɗanda al'ada ta ɗauke wa, likita kan haɗa da wani man shafawa mai ƙarfafa naman wurin.

Sai tiyata, ita ma kala-kala ce. Akwai wadda ake ɗinke bangon da ya saki a ɗaure mahaifa sama a bar ta. Akwai wadda ake cire mahaifar ta ƙasa ba tare da an tsaga ciki ba, ga wadda ta gama haihuwa. Mace ba ta daina zama mace don an cire mahaifa, kuma zaman aure na ci gaba bayan an warke. Ki tambayi likita wace iri zai yi, me ya sa, kuma in kina son ƙarin haihuwa ki faɗa tun kafin a shiga ɗakin aiki. Ki kuma sani abin kan iya dawowa, musamman in an koma ɗaukar kaya da wuri. Aƙalla makonni 6 babu turmi, babu jarka, babu shimfiɗa.

Wannan ya kawo ni kanku, iyayenmu maza. A gidaje da yawa mace ba ta fita sai da izninka, kuɗin mota ma daga aljihunka ne. Ke nan lafiyarta na hannunka. In ka ga ta canza, tambaye ta cikin sirri da taushin murya. Wajen haifa maka 'ya'ya ta gamu da wannan. Kuɗin niƙa a inji da na mai kurar ruwa ba su kai kuɗin tiyata ba. Uwar miji, Inna, ke kika san zafin naƙuda, ki zama mai cewa a kai ta asibiti. Ku kuma 'yan mata da matan aure, ku lura da iyayenku. Tsohuwa ba za ta taɓa buɗe baki ta gaya wa ɗanta namiji wannan ba. In kin ga Goggo na yawan wanke zane, ko ta daina zama kan tabarma sai a karkace, ki ja ta ɗaki ki tambaya.

A ƙasar Nepal, inda mata ke hawa duwatsu da kaya a baya, wannan lalura ta yi yawa har ta kai gaban kotun ƙolin ƙasar, kuma a 2008 kotun ta ɗora wa gwamnati alhakin magance ta a matsayin haƙƙin mata. Mu a nan ko a wa'azin biki ba a ambatonta. Ina ganin lokaci ya yi da za a riƙa koyar da motsa tsokar nan a wurin awon ciki kamar yadda ake koyar da shayarwa, a kuma wadata ƙananan asibitoci da zoben.

Akwai alamun da ba a kwana da su. In abin ya fito ya ƙi komawa. In fitsari ya tsaya cak. In ya yi gyambo yana zubar da jini ko ruwa mai wari. In akwai zazzaɓi da ciwon gefen baya, domin zazzagowa mai tsanani kan toshe hanyar fitsari har ta taɓa ƙoda. Haka duk macen da al'ada ta ɗauke mata sannan ta ga jini, ko da ɗigo ne, ta je a duba ta.

A fara da asibiti mafi kusa, a nemi ɓangaren mata. In ya fi ƙarfinsu za su tura gaba: Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika a Zariya, na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko na Jami'ar Maiduguri, duk suna da likitocin mata. Cibiyoyin yoyon fitsari na Babbar Ruga a Katsina da na Ningi a jihar Bauchi su ma likitocinsu sun ƙware a aikin wannan sashe na jiki. Masu jinmu a Nijar, akwai asibitin haihuwa na Issaka Gazobi a Yamai, da cibiyoyin kula da uwa da yaro a manyan birane irin su Maraɗi da Damagaram da Tawa. In kunyar likita namiji ce ke hana ki, kina da damar neman mace, ko ki ce a bar 'yar uwarki ko ma'aikaciyar jinya ta tsaya tare da ke.

Hajiya, Inna, 'yar uwa, ko shekara goma kika yi da wannan abu, ba a makara ba, ana gyara shi ko a mataki na huɗu ne. Ki gaya wa mutum ɗaya da kika yarda da shi a yau, ku sa ranar zuwa asibiti cikin makon nan.